Mijin yayata ya rasu, shi ya riƙe ni tamkar uba: me zan yi masa, kuma yaya za mu riƙe gidansa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mijin yayata ne Allah Ya yi wa rasuwa, yau wata uku ke nan. A gidansa na tashi tun ina shekara tara, bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ya sa ni makaranta, shi ya yi mini kayan ɗaki ya aurar da ni, kuma ban taɓa ganin ya bambanta ni da 'ya'yan cikinsa ba. Ya bar yayata da yara uku, maza biyu da mace ɗaya, babban yana shekara 14, autar tana shekara 5, mahaifiyarsa kuma tana raye. Har yau idan na tuna shi sai hawaye, wasu kuwa suna cewa na wuce gona da iri tunda ba jinina ba ne. Gidan da kullum yake cike da jama'a ya yi tsit, ƙaninsa ya karɓi shagonsa na yadi ba a yi maganar gado ba, danginsa kuma sun fara cewa za su raba yaran a tsakaninsu idan yayata ta fita takaba. Shin kukana laifi ne? Me zan yi masa wanda zai amfane shi? Kuma ina da bakin magana a kan yaran nan? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Malama, ina yi miki ta'aziyya, ke da yayarki da mahaifiyarsa da yaransa. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa, Ya albarkaci bayansa. Mutumin da ya ɗauki marainiya 'yar shekara tara wadda ba shi ya haifa ba, ya ci da ita, ya ilmantar da ita, ya kai ta ɗakinta da mutunci, muna kyautata masa zato a wurin Allah, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa yatsunsa biyu ya ce haka shi da mai riƙon maraya za su kasance a Aljanna.

Zan fara da kukan, domin na ga shi ne ya fi damun zuciyarki. Babu laifi a cikinsa, kuma masu cewa ba jininki ba ne sun auna abin da ma'aunin da bai dace da shi ba. Shari'a ba ta taɓa iyakance baƙin ciki ga dangin jini ba. Abin da ta iyakance shi ne zaman jimami, wato barin ado da turare da ƙaurace wa harkokin yau da kullum saboda mamaci: wannan kwana uku ne ga kowa, sai matar mamaci kaɗai da take yin wata huɗu da kwana goma. Ummu Habiba, matar Annabi, da mahaifinta Abu Sufyan ya rasu, bayan kwana uku ta sa aka kawo mata turare ta shafa, ta ce ba don tana bukatarsa ba, sai don ta ji wannan hukunci daga bakin Annabi. Amma hawaye da raɗaɗin zuciya ba su da wa'adi. Annabi ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. A wani wuri kuma ya bayyana cewa Allah ba Ya azabtarwa saboda hawayen ido ko ɓacin zuciya, sai dai saboda wannan, ya nuna harshensa. Don haka matuƙar kin koma ga mijinki da hidimar gidanki, ba kya kururuwa, ba kya furta kalmar da ke nuna rashin yarda da ƙaddara, to ki bar idonki ya yi abin da zai yi.

Akwai wani labari da nake so ki riƙe, domin ya shafi irin dangantakarku kai tsaye. Nana A'isha ta ba da labarin cewa wata rana a Madina, shekaru bayan rasuwar Nana Khadija, 'yar'uwarta Halatu 'yar Khuwailid ta zo ta yi sallama tana neman izinin shiga. Da Annabi ya ji muryar, sai ta tuna masa sallamar Khadija, ya zabura ya ce: "Ya Allah, Halatu ce!" Shi mijin 'yar'uwarta ne, kamar yadda marigayi yake a wurinki, kuma wadda ta haɗa su ta daɗe a ƙasa, amma zumuncin da aure ya ƙulla bai bi ta kabari ba. Haka kuma yakan yanka akuya ya aika da naman ga ƙawayen Khadija. Abin da nake fahimta daga wannan shi ne, tunawa da mamaci a koyarwar Annabi aiki ne da ake yi a kan mutanen da mamacin ya bari, kuma a kan wannan zan gina sauran amsar. Sai dai ki kula da abu ɗaya: idan za ki yabi marigayi a gaban mijinki ko a cikin taro, ki yabe shi da sunan uba, kamar yadda kika yi a wasiƙarki, domin bakin mutane bai da linzami, kuma ba ma so alherin da kike ambato ya zama abin tsegumi.

Abin da ke isa ga mamaci ba tare da saɓani ba shi ne addu'a da sadaka da biyan bashi, kuma babu ɗaya daga cikinsu da aka shardanta dangantakar jini. Addu'a ki dawwama a kanta, cikin sujada da bayan salla, kina ambaton sunansa. Sadaka ki yi daga abin hannunki gwargwadon hali, kuma ba sai ta yi yawa ba. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Annabi ko sadaka za ta amfani mahaifiyarsa da ta rasu ba ya nan, aka ce masa za ta amfane ta, sai ya bayar da lambunsa. Amma abin da na fi so ki sa wa ido shi ne bashi, saboda marigayi ɗan kasuwa ne, kuma da wuya a sami mai shagon yadi da babu kuɗin wani a kansa ko nasa a kan wani. Hadisi ya nuna cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. An taɓa kawo gawa Annabi ya dakata da yi mata salla saboda bashin 'yan dinarai, sai da Abu Ƙatada ya ce ya ɗauki nauyin biya. Sanarwar da liman yake yi a wurin jana'iza cewa mai bin bashi ya zo ba ta wadatarwa, domin mutane da yawa kunya take hana su zuwa. A buɗe littafin shago, a tambayi waɗanda yake saro kaya a wurinsu, a tambayi yayarki, tunda matar mutum takan san abin da ƙannensa ba su sani ba.

Game da tarurrukan sadakar uku da bakwai da arba'in, malamai sun yi magana mai yawa, kuma na san kowane gida da abin da ya saba. Iyakar da ba na sassautawa a kanta ita ce kada a taɓa dukiyar da ya bari don a ciyar da taro, ko yanzu ko idan shekara ta zagayo, domin tun daga lokacin da ransa ya fita dukiyar ta zama ta magada, kuma uku daga cikinsu marayu ne. Sunna ma akasin haka ta zo da shi. Da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso daga fagen yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi cewa ya yi a dafa wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da zai shagaltar da su ya zo musu.

Wannan gida na Ja'afar shi ne misali mafi kusa da halin da kuke ciki, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Abdullahi ɗan Ja'afar, wanda yake yaro a lokacin, shi ya ba da labarin da bakinsa. Ya ce Annabi ya bar su kwana uku, sannan ya zo ya ce kada a ƙara yi wa ɗan'uwansa kuka bayan yau, wato zaman makoki ya ƙare. Ya ce a kira masa 'ya'yan ɗan'uwansa, aka kawo su kamar 'yan tsaki, ya sa aka kira wanzami ya yi musu aski. Ya dubi ɗayansu ya ce wannan ya yi kama da baffanmu Abu Ɗalib, ya dubi Abdullahi ya ce wannan kuma ni ya biyo a kama da hali, ya kama hannunsa ya roƙi Allah Ya maye wa Ja'afar gurbi a cikin iyalansa, Ya sa wa Abdullahi albarka a cinikinsa. Da uwarsu Asma'u 'yar Umais ta ambaci maraicinsu, sai ya tambaye ta ko talauci take ji musu tsoro alhali shi ne majiɓincinsu duniya da lahira. Ki lura da abin da ya yi: ya shiga gidan da ƙafarsa, ya ga kawunan yaran sun yi buzu-buzu saboda uwa ba ta cikin hayyacinta, ya gyara wannan ƙaramin abu, ya gaya wa kowane yaro wanda ya biyo a cikin dangi, ya kwantar da hankalin uwar, kuma bai ɗauke mata ko ɗaya daga cikinsu ba.

Daga nan sai tambayarki ta uku, ko kina da bakin magana. Kina da shi, kuma ba alfarma aka yi miki ba. A shekara ta 7, lokacin da Annabi zai bar Makka bayan ramuwar umara, 'yar Sayyidina Hamza, wanda ya yi shahada a Uhudu, ta biyo su. Aliyu da Zaidu da Ja'afar kowa ya ce shi zai riƙe ta. Hujjar Ja'afar ita ce 'yar baffansa ce, kuma 'yar'uwar mahaifiyarta tana aurensa. Annabi ya yanke hukunci a ba innarta, ya ce 'yar'uwar uwa tana matsayin uwa. A kan wannan mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke hukunci da ita ta tafi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure a Zariya, ta bayyana cewa reno haƙƙin uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare, kuma idan uwa ta rasu ko ta yi wani auren, sai ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan ga 'yar'uwar uwa. Dangin uba suna bayan waɗannan a layin reno. Ma'anar wannan ita ce fitar yayarki daga takaba ba ta ba kowa damar raba mata yara, kuma ko da ta yi aure nan gaba, mahaifiyarku idan tana raye, sannan ke, kuna gaban baffanni a layin reno matuƙar sharuɗɗansa sun cika.

Duk da haka ba na ba ki shawarar ki shiga gidan mutane da littafi a hannu. A mafi yawan gidajen da na zauna sulhu a cikinsu, dangin uba ba da mugunta suke maganar rabon yara ba. Al'ada ce ta riƙo, suna ganin rage wa bazawara nauyi ne, suna kuma tsoron kada jininsu ya tashi a gidan wani. Suna da haƙƙi na gaskiya: suna cikin waliyyan auren yarinyar idan ta girma, sunansu yaran suke amsawa, kuma yaro namiji mai shekara 14 yana bukatar baffa da zai riƙa tsawata masa yana jan sa masallaci da kasuwa. Abin da ya kamata su fahimta shi ne yaran da suka rasa uba wata uku da suka wuce, idan aka raba su da uwa aka kuma raba su da juna, an haɗa musu rashi uku a shekara ɗaya. Mabuɗin wannan magana yana hannun mahaifiyar marigayi. Ita ma ɗa ta rasa, kuma sau da yawa ana mantawa da uwar mamaci da zarar an share makoki. Ki riƙa zuwa gaishe ta kamar yadda yake yi, ki riƙa kai mata jikokinta suna yini, ranar hutu su kwana. Tsohuwar da take ganin jikokinta duk mako ba za ta goyi bayan a watsa su ba. Idan lokacin zama ya yi, ki bar maza manya na ɓangarenku, kawunku ko mijinki, su yi magana da baffannin, tare da limamin unguwa ko wani dattijo da kowa yake jin nauyinsa.

Maganar shago ita ce wadda jinkiri yake ɓatawa. Bayan an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya idan akwai, matuƙar ba ta wuce sulusi ba, wato ɗaya bisa uku na dukiyar, yayarki tana da ɗaya bisa takwas, mahaifiyarsa tana da ɗaya bisa shida, sauran duka na yara ne, namiji yana ɗaukar rabon mata biyu, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Idan muka ƙaddara abin da ya rage naira 2,400,000 ne, matar za ta sami 300,000, uwar 400,000, kowane ɗa namiji 680,000, autar kuma 340,000. Wannan lissafi ya ginu a kan cewa mahaifinsa ba ya raye kuma babu wata matar, kamar yadda na fahimta daga wasiƙarki. Ƙannen mamaci ba su da komai a nan, domin ɗa namiji yana katange su. Haka kuma a mazhabarmu kula da dukiyar maraya yana hannun wasiyyin da uba ya naɗa, idan babu shi sai alƙali ya naɗa wanda ya ga ya dace, baffa ba ya zama mai kula da ita don kawai shi baffa ne.

Wannan ba ya nufin a kori ƙanin nasa daga shagon. Da an rufe shagon tsawon wata ukun nan da ya mutu, kuma mai yiwuwa tsayuwar ƙanin ce ta sa har yanzu akwai abin da za a raba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a riƙa juya dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta. Abin da ake bukata shi ne a ƙirga kayan shagon dila-dila a gaban shaidu biyu, a rubuta, a san rabon kowa, sannan idan magada manya sun yarda ya ci gaba, a yanka masa lada sananne, a sa lokacin da zai riƙa kawo lissafi. A gaya masa gaskiya cewa rubutun kariya ce gare shi, domin yaron nan mai shekara 14 nan da 'yan shekaru zai zo ya yi tambaya, kuma baffan da ba shi da takarda ko mai amana ne zai sha zargi. Ayar da ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikkunansu tana nan a aya ta 10 ta wannan sura, kuma mai hankali yakan so a nisanta shi da ita. Idan akwai kuɗi a banki, za a nemi takardar shaidar rasuwa da takardar izinin kotu kafin a sake su, kuma wanda marigayi ya rubuta sunansa a takardar banki a matsayin makusanci wakili ne kawai, rubutun bai mayar da kuɗin nasa ba. Idan aka kasa daidaitawa a gida, kotun shari'ar Musulunci tana raba gado, kuma zuwa can ba yanke zumunci ba ne.

Yayarki tana da sauran wata ɗaya da kwana goma. Haƙƙinta ne ta ƙarasa takabarta a gidan da mijinta ya bar ta, kamar yadda Annabi ya umarci Furai'a 'yar Malik ta zauna a gidanta har wa'adi ya cika, kuma babu mai tayar da ita idan gidan nasa ne ko ya riga ya biya haya. Abin da aka hana ta shi ne ado da turare da kwalli da lalle da kwana a wani gida, amma tana iya fita da rana don asibiti ko wata bukata, tana wanka duk lokacin da ta so, tana magana da mutane, tana amsa waya. Riƙe wuƙa da ƙin wanka sai ranar Juma'a da makamantansu al'adu ne da ba su da tushe, kuma suna ƙara wa mace ƙunci a kan ƙunci. Haramun ne a fito mata da maganar aure ƙarara kafin ta gama. Bayan ta gama, idan wani daga cikin 'yan'uwan mijinta ya nema kuma ta so, halal ne, har ma renon yaranta ba ya faɗuwa da auren baffansu. Idan ba ta so ba, babu mai tilasta ta, domin aya ta 19 ta Suratun Nisa'i ta hana a gaji mata a kan tilas. Asma'u 'yar Umais ta auri Abubakar bayan Ja'afar, bayansa kuma ta auri Aliyu, ƙanin Ja'afar, kuma babu wanda ya ce ta ci amanar mijinta na fari. Ki kuma sa ido a kan lafiyarta. Idan kika ga ta daina cin abinci, barci ya ƙaurace mata, ta daina kula da kanta da yara har makonni suna wucewa, ki kai ta ta ga likita, kada a tsaya ga cewa ta yi haƙuri kawai. Lokacin da ya fi tsanani ga mai takaba shi ne wannan da kuke ciki, bayan ƙafar masu gaisuwa ta ɗauke.

Akwai abu ɗaya da ke kaɗai za ki iya yi wa yaran nan. Kin zauna da mahaifinsu shekarun da su ba su gani ba, kin san shi tun bai tara komai ba, kin san yadda ya karɓe ki ranar da aka kawo ki gidansa, da abin da ya ce ranar da aka kai ki ɗakin miji. Autar mai shekara 5 idan ta girma ba za ta tuna da yawa ba, abin da kuka gaya mata shi zai zama mahaifinta a zuciyarta. Kada a ce mata ya yi tafiya, domin za ta yi ta jiran ƙarar ƙofa, kuma ranar da ta gano gaskiya za ta daina yarda da maganarku. A gaya mata ya rasu, ya koma wurin Allah, muna yi masa addu'a, a koya mata addu'ar da bakinta. Kada a daina ambaton sunansa a gidan don gudun kuka. Idan yakan tara yara cin abinci a tire ɗaya ranar Juma'a, ku ci gaba da tara su, ko da abincin bai kai na da ba. Idan akwai tsohon da yake aika wa hatsi da azumi, ki sa babban ɗansa ya kai da hannunsa, ya ce daga gidan wane ne. Idan kuma Allah Ya hore miki, ki ɗauki kuɗin makarantar ɗaya daga cikinsu da yardar mijinki, ki fara da autar, ki gaya mata tun yanzu cewa mahaifinta ne ya biya miki naki.

Allah Ya gafarta masa, Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya raya abin da ya bari a kan tafarkin alheri. Allah ne Mafi sani.